Kada Ki Goge

Zuru, 9 ga Yuni

Gwaggo Asama'u,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Yaya ƙafar, yaya kunnen? Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Leah, 'yar marigayi Dawuda. Kakana da babanki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rabonmu da haɗuwa tun jana'izar Baba, inda kika ce in wata damuwa ta taso in rubuto, don waya ba ta da amfani gare ki tun da kunne ya yi nauyi. Lukuman direba, mai zuwa Birnin Kebbi Talata da Juma'a, ya ce ya san ƙofar gidanki.

Mu lafiya, sai gajiya. Shekara biyu ke nan da muka baro ƙauyenmu na wajen Kanya saboda rashin kwanciyar hankali. Makarantar can ta watse tun kafin mu taso. Yanzu muna gefen Zuru, gidan uwar mijina da yara ke kira Kaka. Makarantar da ke kusa da mu sun ce babu gurbi sai shekara mai zuwa, don haka ni nake koya wa yaran a gida: Goodness mai shekara goma sha ɗaya, da Prosper mai bakwai.

Mijina Dominic soja ne, yana can gabas. Ya ce in ya zo Kirsimeti bai tarar Goodness tana karanta shafi guda tana yin lissafin rabawa ba, zai kai ta Kaduna wurin yayarsa. Yayar tasa abinci take sayarwa a bakin tasha. Gwaggo, na san irin makarantar da yarinya take yi a gidan mai sayar da abinci. Ita kaɗai ce mace gare ni, ba na so ta tafi.

Ga inda matsalar take. Ina da gona a hanyar Manga, kuma damina ba ta jiran kowa. Muddin ina zaune suna aiki. Da na juya baya, fensir ya tsaya. Mama duba, Mama haka ne, Mama zo. Ko banɗaki na shiga sai na ji ana Mama a bakin ƙofa. Ni kuwa aji uku na sakandare na tsaya. Ke da kika yi shekara talatin kina koyarwa, ki faɗa mini yadda ake sa yaro ya yi aiki ba a tsaye a kansa ba.

Taki, Leah

Birnin Kebbi, 13 ga Yuni

Ɗiyata Leah,

Wasiƙarki ta iso, na gode Allah da kuke lafiya. Ƙafa tana nan tana yi mini rashin kunya, kunne kuwa ya yi ritaya tare da ni. Wa zai manta ɗiyar Dawuda? Ubanki ni na goya shi, ya jiƙa mini baya ya fi a ƙirga.

Ki daina ce wa kanki aji uku. Aji uku ya isa, in akwai tsari. Ki nemo manyan gwangwanaye, kowane yaro biyu. Na farko na aikin da ba a yi ba, na biyu na wanda aka gama. Na aiko da takardu cikin wanga ambulan, na rubuta sunan kowa da ranar. Kullum da safe ki saka uku a gwangwanin farko, karatu da rubutu da lissafi, ki ɗauki fartanyarki ki tafi. Yaro in ya ga iyakar aikinsa da idonsa yana yi. Abin da ke kashe masa jiki shi ne aikin da bai san inda zai ƙare ba.

Agogo kuwa, kuna da rumbu a tsakar gida ai. Ki aza duwatsu uku inda inuwarsa ke bi, duk dutsen da inuwa ta taɓa a ɗauki wata takarda.

Sai maganar Mama Mama. Ki ba kowa 'ya'yan tsamiya uku a rana. Abin da ya gagara a zagaye shi da fensir a wuce gaba. In kin dawo, tambaya ɗaya ɗan tsamiya ɗaya. In sun ƙare, bakinki ya rufu. Za su yi kuka, ki bar su, ba a taɓa kai yaro asibiti don kukan lissafi ba.

Duk sati biyu ki ba Lukuman littattafan su zo in gani. Da su zan san abin da zan aiko. Ki gaida Kakarsu.

Gwaggonki, Asama'u

Zuru, 4 ga Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Prosper ya yi mura ta wuce. An gama noman fari, bayana kamar ba nawa ba.

Gwaggo, kin manta damina ce. Kwana huɗu a jere hadari ya rufe rana, rumbu bai yi inuwa ba, yaran suka zauna kan takarda ɗaya har azahar suna cewa lokaci bai yi ba. Ranar da rana ta fito kuma akuya ta ture dutsen tsakiya. Yanzu Kaka ce agogonmu. In ta gama shan kunu a canza takarda, in ta watsa wa kaji tsaba a sake canzawa. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma wannan muƙamin ya yi mata daɗi, har tsawa take yi.

'Ya'yan tsamiya kuwa, Prosper ya kashe nasa uku ran farko kafin in ɗaura ɗankwali. Tambayarsa ta uku ita ce ko zai iya samun na huɗu. Goodness ba ta kashe nata, tana ɓoye su a bakin zane.

Gwangwani yana aiki, ba laifi. In na dawo da la'asar nakan zauna da su mu bi aikin layi layi, mu kintsa shi, don ba a kawo wa babba abinci a kwano mai datti. Kilinar goge fensir ta biyu ke nan muka buɗe. Wani lokaci tuwo yakan makara saboda haka, Kaka ta yi ta gunaguni da yarenmu. Ga littattafan nan, Allah ya sa ba mu ba ki kunya ba.

Leah

Birnin Kebbi, 8 ga Yuli

Ɗiyata,

Lafiya lau muke, ruwa ya sauka nan ma. Na yi dariyar Prosper har maƙwabciyata ta leƙo.

Na duba littattafan. Na Goodness babu kuskure ko ɗaya, shafi ashirin da biyu. Ashe tsoro kawai kike ji, yarinyar nan ta wuce inda na aje ta. Na cire ɗebewa, na aiko da rabawa mai dogon layi. In ta tafi haka, kafin girbi ta cika sharaɗin ubanta. Ki rage zaman la'asar ɗin nan ki huta.

Asama'u

Zuru, 15 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Yaya jiki? Ki yi haƙuri wancan karon littattafai kawai na aiko babu wasiƙa, hannuna ne ya ƙi riƙe biro bayan maimai.

Ban san abin da ya faru ba, komai ya koma baya. Tun da sababbin takardun nan suka zo, Goodness ba ta taɓa na lissafi. Kaka ta ce tana fitar da takardar, ta aza a cinya, ta riƙe fensir, ta zuba wa ƙofar gida ido har in dawo. Jiya na tarar da ita haka, takardar fara fat, ta jiƙe da zufar hannunta. Na ce me ya sa ba ki ko gwada ba? Ta ce, "In na yi ma gogewa za a yi." Na daka mata tsawa, daga baya na shiga ɗaki na zauna ni kaɗai.

Yanzu zaman la'asar ya fi na da tsawo. Ni ma rabawar nan sai na yi ta a ƙasa da tsinke kafin in tuna yadda take. Ciyawa ta ci gefen gonar da ke bakin rafi, na bar mata shi. Dominic ya kira ran Lahadi, ya ce yayarsa ta riga ta gyara wurin kwana. Na ce masa ai Disamba ba ta zo ba. Ya ce shi ma ya san lissafin wata.

Na gaji, Gwaggo. Ga littattafan, mun kintsa su kamar kullum.

Leah

Birnin Kebbi, 19 ga Agusta

Leah,

Muna lafiya. Maganar da yarinyar nan ta faɗa ta hana ni sukuni, sai na ɗauki littafinta na fita tsakar gida na ɗaga shafi ga rana. Takardar ta sha guga har haske na ratsa ta. Ƙarƙashin kowace amsa akwai gawar wata amsar.

Wanga littafi naki ne, ba na Goodness ba. Wata biyu ke nan ina duba aikin mace mai 'ya'ya biyu ina ba ta maki. Kada ki sake aiko mini da irinsa.

Asama'u

Birnin Kebbi, 3 ga Oktoba

Ɗiyata Leah,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ku duka lafiya, don ban da wata hanyar sani. Sati shida ke nan. Duk Talata da Juma'a ina sa a aza mini kujera a ƙofar gida, Lukuman ya wuce ya ɗaga mini hannu wofi. Ya ce yana ganinki a kasuwa, kina ganinsa ki sauya layi.

Na zauna na tuna abin da na rubuta miki, na ga ya yi kaushi. Haka bakina yake, shi ya sa malamai ƙanana suke ɓuya in na shigo. Ban ce ke maƙaryaciya ce ba. In haka kika karanta, ba haka na nufa ba.

Laifin ma rabi nawa ne. Kin rubuta mini da hannunki cewa kuna kintsa aiki, har kin faɗi kilina ta biyu, ni kuwa na karanta na wuce ina dariyar Prosper. Da na tsaya a wurin, da ban ɗora wa yarinya rabawa ba. Na aza mata kayan da ba nata ba, ke kuma kika yi ta tallabe shi daga ƙasa, ni ina nan ina tafi.

Ki gane, ɗiyata, ni ba baƙuwa ba ce da za a share wa tsakar gida. Mai magani ce. In kika kai yaro wurin mai magani kika rufe ƙurjin da zane don kunya, mi zai duba? Kuskuren yaro shi ne kawai wurin da nake leƙawa in ga cikin kansa.

Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Ki yi fushi da ni in kina so, amma ki aiko littafi.

Gwaggonki

Zuru, 24 ga Oktoba

Gwaggo,

Na gaishe ki. Wasiƙunki biyu duk sun same ni. Ta farko na karanta sau ɗaya na cusa ta ƙarƙashin katifa. Gaskiya na ji zafi. Na ce ni da nake dawowa daga gona ko ruwa ban sha ba in durƙusa kan littafi, ni ce aka mayar mai maguɗi. Ban taɓa rubuta wa Goodness amsa da hannuna ba, Gwaggo. Gogewa nake yi in ce sake, in goge in ce sake, har ta faɗo kan daidai. A gidanmu haka aka koya mana, abin da za a kai gaban babba sai an wanke shi. Ban san ana kai datti da gangan ba.

Ta biyun ta zo ina kwance. Zazzaɓi ya kama ni ana tsakiyar cirar gyaɗa, kwana tara ban san inda kaina yake ba. Maƙwabta ne suka ƙarasa mini cirar. Yanzu na tashi, sai dai jiri.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Da na fara fitowa tsakar gida, na tarar gwangwanin Goodness na biyu ya cika har takardu na leƙowa. Babu wanda ya saka mata aiki. Kaka ta ce tun rana ta biyu yarinyar ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin tsofaffin takardunki na watan Yuni, waɗanda muka riga muka wuce, ta riƙa saka wa kanta uku kullum, ta saka wa ƙaninta uku. Na tambaye ta me ya sa tsofaffi. Ta ce su ne take ganewa rabi.

Na buɗe littafin. Gwaggo, kamar kaji sun yi faɗa a ciki. Zagaye ko'ina, kuskure ya fi daidai yawa. Hannuna har ya kai kan kilina. Na tuna wasiƙarki, na sa littafin a leda na ɗaure da kyau don kada in sake buɗewa. Ga shi nan yadda yake. Kunya kamar in nutse.

Leah

Birnin Kebbi, 28 ga Oktoba

Ɗiyata,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki sha ruwa da yawa, ki bar gyaɗa ta bushe da kanta.

Yau na ga Goodness. Wata huɗu ina nemanta. Karatunta ya yi kyau, rubutu ba laifi. A lissafi abu ɗaya ne tak ya tsaya mata: in za ta ɗebe babba daga ƙarami, tana aron goma daga maƙwabci amma ba ta rage wa maƙwabcin. Kuskure talatin da ɗaya na ƙirga, ashirin da shida duk wannan ne. Rabawa kuwa ɗebewa ce a cikinta, shi ya sa ta tsaya cik. Aikin sati biyu ne, da na gani tun Yuli.

Ga sababbin takardu. Ta yi aron da tsinken tsintsiya, ɗauri goma goma, ta kwance ɗauri da hannunta ta ga ya ragu. Na kuma aiko da amsoshi a ambulan dabam. Ki ba Kaka ta riƙe, tun da ba mai iya ƙwace abu a hannunta. In Goodness ta gama, ta karɓa ta duba da kanta. Wanda bai yi daidai ba ta ja masa layi ɗaya, ta sake a gefensa.

Ke kuma aikinki a la'asar shi ne 'ya'yan tsamiya uku, sai ki tashi ki ɗora tukunya. Kada ki goge. Ko kin ga kuskure yana kallonki, kada ki goge.

Asama'u

Zuru, 29 ga Disamba

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi bai tayar miki da ƙafa ba. Mun yi Kirsimeti lafiya, dawa ta shiga rumbu, duk da ba ta kai ta bara ba. Littattafai kina ganinsu duk sati biyu, amma wannan labarin sai da wasiƙa.

Dominic ya zo ran ashirin da biyu. Ya zo da sabuwar jaka mai ruwan ɗorawa, ya rataye ta a ƙusa. Kowa a gidan ya san ta tafiyar Goodness Kaduna ce. Kwana huɗu tana rataye, ina shara ina kauce mata.

Washegarin Kirsimeti bayan an karya, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin rumbu. Ya warware tsohuwar jaridar da ya naɗo takalmansa a ciki, ya nuna wa Goodness wani wuri. Ta karanta, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta wuce. Sai ya yage takarda ya rubuta rabawa huɗu.

Ina zaune a bayanta ina tsince wake. Ta yi na farko, ta yi na biyu. A na uku na ga ta yi aro ba ta rage ba. Na gani sarai, Gwaggo, da idona. Kilinar tana ƙulle a bakin zanena, inda take tun Oktoba. Tari kaɗai zan yi yarinyar ta gane. Dominic yana kallon takardar, na san shi ma ya gani. Na ɗauki tiren wake na tashi na koma bayan ɗaki, na tsaya ina tsince waken da na riga na tsince.

Ban san tsawon lokacin ba. Ina jira in ji Mama. Ba a kira ba.

Da na dawo, Kaka ce ta ba ni labari da yarenmu. Ta ce yarinyar ta gama na huɗu, uban ya miƙa hannu, ta ce, "Baba tsaya, ban duba ba." Ta bi su ɗaya ɗaya da bakin fensir. Da ta zo na uku ta tsaya, ta ja layi ɗaya, ta sake a gefe. Uban ya ce wa ya ce ki sake? Ta ce ba kowa.

Bai yi maganar Kaduna ba, ni ma ban tambaya ba. Jiya da zai koma ya sauke jakar daga ƙusa ya ce in cika masa ita da gyaɗa da barkono, abokan aikinsa sun roƙe shi. Na cika ta har zip ya ƙi rufuwa. A Janairu za mu sake zuwa makarantar a gwada ta.

Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Sai dai yau da safe na zauna a tsakar gida, babu gona, babu inda za ni. Su biyu suna kan tabarma da gwangwanayensu, Kaka tana shan kunu. Har aka watsa wa kaji tsaba babu wanda ya ɗago ya dube ni. Goodness ta tara 'ya'yan tsamiya cike da kwalba, ta ce miya za a yi da su in an rasa.

Za ki ji wani abu mai tauri a kusurwar ambulan ɗin nan. Kilinar ce, ta uku, ko rabi ba ta kai ba. Ki ajiye ta can wurinki, Gwaggo. Prosper ya fara ɗebewa, kuma ban yarda da hannuna ba.

Taki, Leah